Ranar da Kwamfuta Ta Yi wa Kaka Kumatu

Tun da na dawo gida daga karatu nake kallon aikin ƙanena Auta da shakka. A can inda na zauna na shiga ɗakunan da aka jera kwamfutoci har rufi, suna aikin da hankali bai iya bi. Sai na dawo na tarar da shi, mutum da gemunsa da aikin ofis ɗinsa, yana ƙarar da ranakun hutunsa a kan wata kwamfuta da ta girme mu duka. Ba ta da allon kanta, sai an jona ta da talabijin. Launi goma sha shida kacal ta sani. Abin da za a ba ta kuwa a kaset ake zuba mata, irin wanda iyayenmu suka ji waƙa da shi. Auta ya ɗaura niyyar rubuta manhajar da za ta karɓi hoton waya mai launuka ba iyaka, ta matse shi, ta rage shi, har wannan tsohuwa ta iya haɗiyewa ta nuna. Ni kuwa sai in ce a raina, wa zai amfana? Wayar da ke aljihun kowa tana nuna hoto fes. Ban taɓa faɗa masa ba, amma wahalar banza na ɗauke ta.

Kwamfutar ta marigayi kakanmu ce. Tana kan teburi a kusurwar ɗakin Kaka, lulluɓe da tsohon mayafi, kusa da soket ɗaya tilo da ke ɗakin. Kaka ba ta yarda a fita da ita ko nan da ƙofa, domin rediyon marigayi da Auta ya taɓa ɗauka wai zai duba, har yau gunduwa-gunduwa yake cikin kwali. Ana nan sai Gwaggo ta aiko mata da ƙaramin firji saboda maganinta da ke son sanyi. Soket ɗaya, kusurwa ɗaya. Kaka ta yanke hukunci: ko dai kwamfutar ta nuna mata fuskarta kamar yadda Auta ya daɗe yana cika baki, ko kuwa mai gwangwan ya ɗauke ta ya ba ta bahon roba. Ta kuma aika an kira mai gwangwan ɗin, mai sayen tsofaffin ƙarafa. Da safiyar da zai zo, ina zaune bakin gadonta da kofin shayi, firjin yana tsaye tsakar ɗaki cikin kwalinsa, Auta ya shigo rungume da laftof da tarin wayoyin jona na'ura, ya durƙusa.

"Lafiya lau, Ango," in ji Kaka. "Ba sai na tambaye ka barci ba, idanun nan naka sun ba ni amsa. Kuka ka kwana yi?"

"Kukan me, amarya? Murna na kwana yi. Yau zan sa ki a talabijin, jama'a su ga abin da na aura su tausaya min."

"Ka aura? Kai da ko sabulu ba ka taɓa kawo min ba?"

"Sabulu ya tsinana miki me? Tun kafin a haifi Baba kike wanka, ga ki nan yadda kike."

"Ji shi, mai kai kamar murfin tukunya. Wancan," ta nuna ni da haɓa, "ya gudu ƙasar wasu ya bar ni shekara da shekaru ko gaisuwa. Kai kuma ka zauna ka cinye min sukari. Ni dai ban yi sa'ar maza ba."

"Ai mu ne ba mu yi sa'a ba. Matar da in ta juya gefe sai an yi cigiyarta? Rannan da aka yi iska, sai da na je na duba kan bishiya."

"Siririya nake amma ni na ɗauki ubanka a bayana."

"Shi ya sa har yau yake tafiya a karkace. Ƙashi ya soke shi."

Kaka ta kai masa mafici, ya kauce. Ni na daɗe ban ji irin wannan ba, har bakina ya manta yadda ake ramawa, sai na ci gaba da kurɓar shayina.

"Gaskiya ɗaya zan tambaye ki," in ji Auta yana yaye mayafin daga kan kwamfutar. "In har kin gaji da ita, me ya hana ki ba ni? Sai ki ba bare?"

"Baren in ya farfasa ta zai ba ni baho. Kai kyauta za ka farfasa."

"Na ce zan ja miki wata wutar, firji ya samu soket ɗinsa."

"Ka ja wa wa? In kwanta da mutuncina in tashi gasasshiya? Ka ji sharaɗina tun yanzu, gwaji ɗaya ne. Ba ni da ranar zama ina kallon ƙato yana cewa saura kaɗan. In na ga fuskata, ta zauna. In ban gani ba, ta hau baro."

"Ɗaya ya isa. Tashi in ɗauke ki hoto. A'a, ba da wannan ɗankwalin ba."

"Me ya yi? Shi ne mai tsadata."

"Furanni sun yi masa yawa. Ja, ɗorawa, shuɗi, kore, har da wani da ban san sunansa ba. Ita wannan ba ta iya haɗa launi da yawa a wuri guda, rikicewa take yi."

"To makauniya ce ke nan."

"Tsohuwa ce. Ke ma jiya kin kira Yaya da sunan Kawu."

"Da gangan na yi, don ya san bai isa in riƙe sunansa ba."

Ta yi ta mita, amma ta buɗe akwati ta ɗauko wani koren ɗankwali marar zane ta ɗaura, ta tsaya jikin bango inda hasken taga ke faɗowa. Ta ɗaga haɓa, ta tsuke baki kamar wadda aka kawo gaban alƙali.

"Ki yi murmushi mana."

"In ka ga haƙorana me za ka ba ni?"

"Waɗanne haƙora? Guda ukun?"

Dariya ta kuɓuce mata, shi kuwa ya danna a daidai lokacin. Ya tura hoton cikin laftof. Na matso kusa, domin duk shakkata ina son in ga yadda abin yake. Ya nuna min. Manhajar tana fara yanke hoton ta rage shi ya zama ɗan mitsitsi. Daga nan ta bi shi ɗigo bayan ɗigo tana tambaya, cikin launukan nan goma sha shida wanne ya fi kusa da wannan? Na ce masa ai babu launin fatar Kaka a cikinsu. Ya ce nan ne aikin yake, kuma nan ya fi shan wuya. In babu launin, sai manhajar ta jera ɗigon ruwan ƙasa kusa da baƙi, ta yayyafa ɗan ja a tsakani, in mutum ya ja baya idonsa ya gauraya su da kansa. Ya ce da farko duk fuskar da ya saka baƙi ƙirin take fitowa, sai idanu biyu, har sai da ya koya wa manhajar ta riƙa buɗe duhu kafin ta zaɓi launi. Ya danna, sai ga Kaka a allon laftof, 'yar ƙarama, da ɗankwalinta da dariyarta. Na ƙara matsowa.

Kaka ta leƙo ta kafaɗarsa. "Wannan ƙurajen fa? Ƙyanda ka sa min?"

"Ɗigo ne. Daga nesa ba a gani."

"Ni da fatata sumul kamar ta jariri."

"Kamar ta jaririn kada."

"Wannan kuma ba shi muka yi da kai ba. A waccan na ce," ta nuna tsohuwar kwamfutar.

"Yanzu kuwa. Sai na mayar da ke ƙara tukuna."

Ya jona laftof da rikodar kaset, ya danna. Wani irin ƙara ya cika ɗakin, tsiii, ƙirrr, tsiii. Kaka ta toshe kunnuwa.

"Wayyo! Wa ya taka wutsiyar kyanwa?"

"Ke ce. Hotonki ne ya koma sauti. Haka maƙwabta suke jin ki in kina kiran a kawo miki ruwa."

"Da haka muryata take da kakanka bai bi ni har rijiya ba."

"Ai ruwa ya je sha, kika tare hanya."

Ana cikin haka aka yi sallama daga tsakar gida. Mai gwangwan ne, ya bar baronsa a waje, ya shigo da bahon roba biyu, babba da ƙarami, ɗaya cikin ɗaya. Ya tsuguna bakin ƙofa ya gaishe ta.

"Mama, ina kayan?"

"Ga su can ana musu addu'ar bankwana. Zauna ka sha kallo kyauta."

Ya miƙa wuya ya ƙare wa kwamfutar kallo. "Wannan ai roba ta fi yawa, Mama. Ƙaramin baho ne."

"Ka ji ko, Ango? Ko mai gwangwan ya raina ta."

"Malam, in kilo kake bi, ka haɗa da mai ɗakin. Sai dai ita ko kofi ba za ta kawo ba."

Mai gwangwan ya sunkuyar da kai yana dariya. Auta ya mayar da kaset baya, ya kunna ɗan talabijin ɗin, ya kunna kwamfutar. Wayar da ke haɗa su sai jiya ta iso hannunsa, saboda haka duk watannin da ya yi yana rubuta manhajar, a laftof kawai yake ganin sakamakon. Bai taɓa ganin hoto ko ɗaya a kan ita tsohuwar ba. Allon ya yi shuɗi, wasu 'yan haruffa suka fito. Ya danna madannai, ya danna rikoda.

Allon ya yi ta walƙiya da ratsi-ratsi. Babu hoto.

"To?" in ji Kaka.

"Tana karantawa."

"Allo take haddacewa?"

"Ki yi haƙuri, a hankali take ci. Ba kamar wasu ba."

"Kafin ta gama ni na haifi wani Angon na yaye shi. Malam, kawo bahon nan in duba ko yana yoyo."

"Kar ka ba ta! In ta shiga ciki ba za mu gan ta ba sai an tace ruwan."

Sai ga wani layi ya fito can saman allon, fari-fari, launin bango. Wani ya biyo shi a ƙasa, wani ya biyo. Hoton yana saukowa ne daga sama, sannu a hankali, kamar ana sauke labule. Mai gwangwan ya gyara tsuguno. Daga nan kore ya ɓullo a tsakiya.

"Ga ɗankwali!" in ji Auta, har da tsalle. "Amarya, ga ɗankwalinki! Malam, ɗauki bahonka, Allah ya ba da kasuwa!"

Koren ya ci gaba da saukowa, yana kuma faɗaɗa. Ya faɗaɗa, ya ƙara faɗaɗa, har ya kusa taɓa gefe da gefen allon.

"Wannan ɗankwali ne ko shimfiɗar gado?" in ji Kaka.

Murmushin ya bar fuskar Auta. Ya matso kusa da ni, ya rage murya. "Yaya, na yi kuskure. A laftof kowane ɗigo tsayinsa da faɗinsa ɗaya ne. A wannan kuwa ɗigon a kwance yake kamar bulo, faɗinsa ya ninka tsayinsa. Na sani, wallahi na karanta, na manta ban sa a lissafi ba. Komai zai fito ninki biyu a faɗi."

Ya kai hannu zai kashe. Mafici ya sauka a bayan hannunsa, tas.

"Taɓa ka gani."

"Layi ɗaya zan gyara, Kaka, yanzun nan."

"Yau kuma Kaka na koma? Ina amaryar? Gwaji ɗaya muka ce, gaban yayanka. Bar ta ta gama abin da ta fara."

Ya koma ya zauna a ƙasa, ya dafe kai. Goshi ya sauko, faffaɗa kamar faranti. Idanu suka fito, ɗaya a gabas ɗaya a yamma. Hanci ya baje. Sai kumatu, manya, cikakku, suna sheƙi saboda hasken tagar da ya faɗa musu. Sai bakin nan yana dariya, sai haɓa mai kauri, sai wuya, sai kafaɗu da suka cika allon suka nemi ƙari. Rikodar ta yi ƙas ta tsaya. A cikin talabijin wata ƙosasshiyar mata ce zaune, ta sha koren ɗankwali, tana dariya da dukan fuskarta.

Mai gwangwan ya kasa riƙewa. "Mama, wannan ai ta haɗiye ki ta nemi ƙari! Ko babban bahon ba zai ɗauke ta ba!"

Auta ya tashi ya fara naɗe wayar laftof a hannunsa, bai kalli kowa ba. "Shi ke nan," ya ce. "Fuskarki kika ce, wannan kuwa ba ke ba ce. Na faɗi. Malam, bari in cire maka wayoyin. Ka dai ɗauke ta a hankali."

Na jira in ji Kaka ta yi guɗa ta ce ta ci. Ban ji ba.

"Miƙo min tabarau," ta ce da ni.

Na miƙa mata. Ta saka, ta matsa har hancinta ya kusa taɓa gilashin, ta girgiza kai. Sai ta tuna abin da aka ce mata game da ɗigo, ta fara ja da baya, tana dafa kwalin firji, har ta kai bakin ƙofa. Mai gwangwan ya matsa mata. Ta tsaya nan ta daɗe tana kallo, maficin ya sauka gefenta.

"Inna," ta ce a hankali.

Duk muka juya muka kalle ta.

"Innata ce. Wallahi ita ce. Haka take dariya in ta zauna bakin ƙofa, kumatun nan su rufe mata ido." Ta cire tabarau ta goge da bakin zane ta mayar. "Ba ta taɓa zama gaban mai hoto ba. Ina da goyon babanku ta rasu. Mutane cewa suke fuskar Inna ce aka ɗora wa sanda, ni na ɗauko fuskar, yayata ta kwashe jikin. Na daɗe ina nemanta a kaina. Muryar takan zo. Fuskar ce ta ƙi."

Ɗakin ya yi tsit, sai ɗan zuuu na talabijin. Auta yana tsaye da waya a hannu, bakinsa a buɗe. Su biyun nan ba su saba da shiru a tsakaninsu ba, na ga kowannensu yana neman hanyar fita. Auta ne ya samu. Ya ajiye wayar, ya gyara wuyan riga.

"To ai da gangan na yi."

"Maƙaryaci! Ina jin ka kana yi wa yayanka raɗa, murya tana rawa kamar ta ɗan akuya."

"Dabara ce, don abin ya zo miki ba zato." Ya juya ya durƙusa gaban talabijin, ya sunkuyar da kai. "Ina kwana, Inna? Ashe surukata ce. Ki gafarce ni ban zo gaisuwa da wuri ba. Ga 'yarki nan da kika ba ni, kullum duka, kullum zagi, ko shayi sai ta ƙirga min cokali."

"Tashi daga gaban uwata, marar kunya! Da tana da rai ko ƙofar gidanmu ba za ka taka ba."

"Da tana da rai ai ita zan nema. Dubi kumatu! Dubi wuya! Ina aka kai wannan arzikin aka bar ni da tsinke?"

Kaka ta yi dariya har ta sarƙe, sai da na ba ta ruwa. Hawayen da ke fuskarta ban san rabon dariya da rabon ɗayan ba, ban kuma tambaya ba. Ta koma ta zauna bakin gado, idonta bai bar allon ba.

"Wannan kwamfutar ta fi ka hankali," ta ce. "Kai ka ba ta ni, ita kuwa ta duba ta san daga inda na fito."

"Ke nan ta zauna?"

"Ban ce ba tukuna. Wannan gyaran da kake cewa, in ka yi shi, Inna za ta rame?"

"Za ta koma ke."

"To ban yarda ba."

"Dole in gyara, amarya. Akwai mutane a ƙasashe da yawa masu irin wannan kwamfutar, na yi musu alkawarin manhajar. In na sake ta a haka duk duniya za ta yi ƙiba."

"Sai su gode maka. Wa ya ƙi ƙiba ba tare da ya sayi abinci ba?"

"Wani zai saka hoton kyanwarsa ta fito kamar katifa."

"Matsalarsa ce. Uwata dai ba za a taɓa ta ba."

Auta ya sosa gemu, ya kalli laftof, ya kalli talabijin. Na ga kansa ya koma aiki. "To ga yadda za a yi. Zan gyara lissafin, kowa ya fito daidai. Amma zan bar wani ɗan maɓalli a gefe, wanda ya danna shi, hoton ya fito da faɗinsa kamar wannan. Ba don kowa ba, don ke."

"Ka rantse."

"Mijinki ne fa."

"Shi ya sa na ce ka rantse."

Ya rantse. Sai ta tambaya, in aka kashe wuta fa? Ya ce hoton zai tafi, domin kwamfutar ba ta riƙe komai a kanta in ta yi barci. Fuskar Kaka ta canza. Ya yi sauri ya buɗe rikoda ya ciro kaset ɗin ya ɗaga. Ya ce tana nan a ciki, duk sanda aka so sai a mayar da shi baya a sake sakawa. Kaka ta fizge kaset ɗin daga hannunsa, ta juya shi gaba da baya, ta tura shi ƙarƙashin matashinta.

"Ke nan kullum sai kin aika a kira ni," in ji Auta. "Kin ga aure ya gyaru."

"In kira wa? Koya min za ka yi."

"Ke? Ke da kike kashe waya in kina son amsa kira?"

"Madannai nawa ka taɓa ɗazu? Ina kallon ka. Wannan da wannan, sai na rikoda. In mai kan murfin tukunya ya iya, ni me zai hana ni?"

Mai gwangwan ya yi gyaran murya. "Mama, ni fa? Rana tana yi."

"Af, bawan Allah, na tsayar da kai. Akwai wata fanka a bayan ƙofar nan da ta daina juyawa, ƙarfe ce zalla. Ɗauke ta ka bar min babban."

"Ƙaramin dai, Mama."

"Kallon da ka sha fa? Har da dariya ka yi wa uwata."

Ya bar babban. Yana fita da fankar a kafaɗa ya sake waiwayowa ya kalli talabijin, ya ce da Auta in ya kawo hoton mahaifinsa za a iya saka shi? Auta ya ce ya kawo, amma ya faɗa tun da wuri, da ƙiba yake so ko ba ƙiba.

Kaka ta sa muka tura firjin zuwa falo. Ta ce magani ba gudu yake ba, za ta taka ta ɗauko, likita ma ya ce ta riƙa motsa ƙafa. Da muka dawo muka tarar ta kwance wani ɗan makulli daga bakin zanenta. Ta jefa wa Auta, ya cafe.

"Akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gado. Kaset-kaset ɗin kakanka ne da wayoyinsa, duk na wannan abar. Ban taɓa bari kowa ya buɗe ba. A nan ɗakin za ka duba su, a nan za ka mayar."

Auta ya kalli makullin, ya kalle ta. Ya buɗe baki, na tabbata godiya ce ta taso masa, amma ya san in ya yi ta zai ɓata wasan.

"Shekara nawa ina aurenki, sai yau kika fito da dukiya?"

"Sai yau ka yi abin da ya kai a ba ka. Fita ka wanke hannu kafin ka taɓa min akwati."

Ya fita yana wurga makullin sama yana cafewa. Muka rage ni da ita da matar cikin talabijin. Na daɗe ina kallon ɗige-ɗigen nan, ja da baƙi da ruwan ƙasa, ina matsawa kusa su watse, ina ja da baya su haɗu su zama mutum. Wani abu yana ci na, sai na rage murya.

"Kaka, tsakaninki da Allah, da gaske ta yi kama da Inna? Ko dai kin ga idonsa ne kika tausaya masa?"

Ta kalle ni ta saman tabarau, ta mayar da ido kan allon.

"Kumatun nata ne sak, da dariyar, da yadda ta karkata kai. Hancin ne dai ban san na wane ƙato ya sato ya liƙa mata ba. Ka ce wa Angon nan gobe ya zo da wuri, muna da aiki."